A Istanbul da kilo ake sayen shayi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da matan gida da yara baki ɗaya. Mu ma nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara shigowa.

Ka ce in duba maka ko ganyen shayin Turkiyya zai yi kasuwa a shagonka, tunda 'yan Kantin Kwari masu zuwa saro kaya a unguwar Laleli kullum suna komawa da labarinsa. Maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

A nan ba a sayen shayi ɗai-ɗai. Irin mai zaren nan da muke tsomawa a kofi akwai shi a kanti, amma na ofis ne da ɗakin otal da gwauraye. Matar gida zallar ganye take saye, ƙunshin rabin kilo ko kilo guda, masu gidajen shayi kuma su ɗauki na kilo 5. Ka shiga BİM ko A101 ko Şok, ƙananan kantunan da kusan kowace unguwa ke da su, za ka tarar da kanta guda ta shayi ce daga sama har ƙasa: Çaykur, wanda na gwamnati ne, da Doğuş, da Lipton ɗin da muka sani, shi ma ganye zube a ƙunshi. Babu ciniki, farashi na manne a jiki, ga ranar da aka ƙunsa. Ba zan rubuta maka farashin ba, don kuɗinsu lira ciwonta ɗaya da naira, abin da na faɗa yau kafin wata biyu ya zama tsohon zance. Abin da ba ya canzawa shi ne, in ka auna da nauyi, mai zaren ya fi zallar ganye tsada nesa ba kusa ba. Takarda da zare da kwali kake biya.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Ƙididdigar da aka saba kawowa ta ce kowane mutum ɗaya a Turkiyya yana shan sama da kilo 3 na ganyen shayi a shekara, kuma babu ƙasar da ta kai su. Ƙasashen Ayalan da Ingila, da ake ta yi musu kirari da shayi, wajen kilo 2 suke. Ƙullin mai zare guda giram 2 ne, wato kilo ɗaya ƙulli 500 ke nan. Kilo 3 ya zama ƙulli 1,500, sama da huɗu a kowace rana ta Allah, alhali a cikin ƙidayar har da jarirai da marasa lafiya da waɗanda ba sa sha. To ka ga babban mutum nawa zai sha. In gidanka yana cinye kwali mai ɗari duk wata, a shekara ba ku kai kilo 2 da rabi ba, ku duka. Baturke ɗaya ya shanye na gidanka har ya nemi ƙari.

Maƙwabcinmu na bene, su shida ne da tsohuwarsa. Maman yara ta tambayi matarsa, ta ce kilo ba ya kai su mako uku, ka ga a shekara suna tsakanin kilo 17 da 20. Mu da muke baƙi kilo yana kai mu kusan wata biyu, sai fa da azumi, lokacin da buta ba ta sauka daga buɗa baki har sahur. Ka ce kilo 6 ko 7 a shekara. Da matar ta ji haka sai ta tambaya ko ba ma yin baƙi ne.

Dalilin arahar, shayin nasu ne, a gonarsu yake. Ana noma shi a Rize da kewayenta, can gabas a bakin Bahar Aswad kusa da iyakar Jojiya, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ba tsohuwar al'ada ba ce kamar yadda mutum zai zata, kakanninsu da gahawa aka san su. A 1924 aka yi dokar ƙarfafa noman shayi a yankin, wani jami'in gona mai suna Zihni Derin ya tsaya a kai da irin da aka kawo daga garin Batumi na Jojiya, masana'anta ta farko kuma sai 1947 aka buɗe ta a Rize. Gwamnati ce kaɗai ke sarrafa shi har 1984, sannan aka ƙyale 'yan kasuwa suka shigo. Har gobe ita ke sanar da farashin ɗanyen ganye duk shekara a farkon tsinka, wajen watan Mayu, ana kuma tsinka kamar sau uku kafin sanyi. Shayin waje kuwa an ɗora masa harajin kwastan na kashi 145 cikin ɗari. Suna cikin manyan masu noman shayi a duniya, amma kusan duk abin da suka noma su ke shanye shi. Mutanen kudu maso gabas ne kawai, irin su Urfa da Gaziantep, suka fi son na Siri Lanka mai ƙarfi, wanda har yanzu suke kira na fasa-ƙwauri ko da ta hanyar halal ya shigo.

Duk sanda na ga haka sai Mambila ta faɗo min a rai. Ga gonar shayi a Kakara ta jihar Taraba, ga Highland Tea, amma mutum nawa ne a layinku ya taɓa neman sa da suna?

Dahuwar ma daban take, kuma nan ne matsalarka. Buta biyu ce, ƙarama a kan babba. Ruwa na tafasa a ta ƙasa, ganye na sama. A zuba masa tafasasshen ruwa, a rage wuta, tururi ya dinga ɗumama shi kamar minti goma sha biyar. Ganyen ba ya taɓa tafasa. In an zo sha, a zuba mai kaurin kamar kashi ɗaya cikin uku na finjali, a cika da ruwan ƙasa, kowa da yadda yake so. Babu madara, babu citta, babu kanumfari, sai sukari ƙwaya ɗaya ko biyu a gefe. Ni dai har yanzu ina jefa na'a-na'a a nawa, in baƙo Baturke ya gani sai ya kawar da kai. Ruwan ma sun damu da shi: gidaje da yawa ba sa dafa shayi da na famfo, gora mai lita 19 suke saye, ka buga waya a kawo maka har ƙofa ko a hawa na nawa kake.

A waje kuma shayi rabinsa kyauta ne. Mai aski zai ba ka, mai gidan abinci zai ba ka bayan ka ci, mai shagon yadi ba zai fara maganar kuɗi ba sai yaron mai shayi ya shigo da farantinsa mai marataya. A jirgin fito tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya ne za ka biya, shi ma ba wani abin ku zo ku gani ba. In ka ƙoshi ka ɗora cokali a bakin finjali, in ba haka ba za a yi ta cika maka. Amma fa masu shayinmu na gida sun fi su abu ɗaya: a nan ba za ka zauna a teburi guda da sha biyun dare a soya maka ƙwai da indomi, a yanka maka burodi, a haɗa maka mai kauri ba. Wannan kam ina kewarsa.

Ka gaya wa masu zuwa su daina ɗauko garin shayin tuffa mai launi da ake tallata musu a kasuwar kayan yaji ta Eminönü. Na 'yan yawon buɗe ido ne, yawancinsa sukari ne da ƙamshi, ban taɓa ganinsa a gidan Baturke ba.

To shawarata, kada ka zuba jari a kai. Ganyen Rize ba shi da kaifin na Kenya da bakinmu ya saba da shi. Ka sa masa madara ya yi fari fat, ka tafasa shi da kayan ƙamshi ɗanɗanonsa ya ɓace. Masu shayin Buzaye kuwa koren ganyen Sin suke nema, ba za su ko kalle shi ba. Ga kuɗin kago a kai, wanda zai cinye arahar tun kafin kaya su iso Kano. Abin da nake ganin zai yi maka riba shi ne tsarin: ka nemi zallar ganye a buhu, na Mambila in za a samu, ka ƙulla kwata da rabin kilo, ka fara da masu shayin layinku, ka yi musu lissafin giram 2 ɗin nan su gani da idonsu. Zan ba wani mai dawowa kilo biyu na Çaykur da buta mai hawa biyu, ɗaya ka kai wa Inna, ɗayan ka gwada a majalisa ka ji abin da za su ce.