Sassaƙen alder ko bagaruwa: wanne ya fi dacewa da kurkurar baki?

Malama, kin tambaya ko sassaƙen alder, wani itacen ƙasashen sanyi, ko bagaruwa ya fi dacewa da kurkurar baki: ki ɗauki bagaruwa, ki bar kuɗinki a jaka. Aikin da kike nema ga dasashi da maƙogwaro duk biyun da abu ɗaya suke yin sa, wato sinadarin tanin mai bauri wanda yake tsuke fatar baki, kuma shi ya sa majeman Kano suke jima da bagaruwa kamar yadda majeman Turai suka daɗe suna jima da ɓawon alder.

Bagaruwa ba ta yankewa a gidanmu. Mahaifiyata takan daka busassun 'ya'yanta, ta cire ƙwallayen, ta tafasa kaɗan a tukunya, idan ya huce ta tace da ƙyalle mai tsabta ta ba duk wanda dasashinsa ya kumbura ya kurkure ya zubar, kuma har yau haka nake yi wa yarana. Ba na yarda a haɗiye, domin baurinta yana da ƙarfi, yawanta kuma yana ɗaure ciki.

Alder itace ne na ƙasashen sanyi da yake son bakin rafi. Turawa sun saba tafasa busasshen ɓawon nau'in Alnus glutinosa domin ciwon maƙogwaro da wanke gyambo, 'yan asalin arewa maso yammacin Amurka kuma suna amfani da na Alnus rubra a magani da rini. Ɗanyensa yana sa amai. Na taɓa sayen ƙulli ɗaya da tsada. Ya yi aiki, amma bai wuce bagaruwar naira kaɗan ba.

Ko da ba ki tambaya ba, ki yi hattara da masu talla. Akwai wani tsiro dabam mai suna alder buckthorn, wato Frangula alnus, wanda ɓawonsa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, kuma wasu sukan yanke rabin sunan su sayar da shi a matsayin alder, musamman idan an riga an niƙa shi gari yadda ido ba zai bambance ba. Bagaruwa kuwa kina ganin 'ya'yanta a faifan mai sayarwa, ki zaɓi waɗanda ba su yi fumfuna ba. Idan kumburin ya zo da zazzaɓi ko mugunya, ki kai mai ciwon wurin likitan haƙori.