Roba mai kaushi ko mai sheƙi: wacce ta dace da faifan jefa kwando?

Ƙanena, ka ce yayanka zai dawo daga Ingila, ya ce ka zaɓi faifan golf guda biyu na jefa kwando ya taho maka da su, wato na wasan nan da ake jefa faifan roba cikin kwando mai sarƙoƙi a rataye. Da ka duba sai ka tarar faifai ɗaya, Aviar na kamfanin Innova, an buga shi da roba iri-iri: DX, R-Pro, KC Pro, Star. Shi ne kake tambayar wacce za ka ɗauka. Gara da ka tambaya, domin mu nan Birnin Kebbi sai dai a yo mana oda, ba dama ka taɓa ka ji a hannu kafin ka biya, kuma abin da ya ƙetaro teku ba ya komawa.

Kada yawan sunayen ya ruɗe ka, robar gida biyu ce. Akwai mai kaushi, wadda in ka shafa za ka ji kamar alli, ba ta ƙyalli, kuma ita ce mai araha. DX tana nan, haka Pro-D ta kamfanin Discraft da Classic ta kamfanin Dynamic Discs. Sai mai sheƙi, mai santsi, irin Star da Champion, ko Z da ESP na Discraft. Kuɗinta kan kai kusan ninki biyu, amma tana da ƙarko sosai.

In ƙarko kaɗai ake bi, da magana ta ƙare. DX in ta daki kututturen dogon yaro sau biyu za ka ga tabo a bakinta, tsakuwa kuma cin ta take yi kullum. Star sai ta shekara tana shan duka ba ta nuna ba. Sai dai ka tuna aikin da kake so faifan ya yi. Jifan kwando jifan kusa ne, mita 10 ko ƙasa da haka, ba ƙarfi ake sa wa ba, kuma sarƙa yake duka, ba dutse ba. Abin da ke sa a ci ko a rasa a nan shi ne yadda faifan ke barin yatsu. Mai kaushi tana zama a hannu daram, ta fita lokacin da ka sake ta. Mai sheƙi kan riga ka fita.

A hunturu na fi ganin wannan. Watan Janairu da safe, hannu ya bushe ƙayau, ƙura ta kwanta a kan komai, na tsaya taku bakwai daga kwando da Star a hannu. Sau uku tana zamewa daga ƙarƙashin babban yatsana ta faɗi gefen hagu tun ban gama miƙa hannu ba. Na hura yatsu, na goge ta da gefen riga, duk a banza. Na karɓi tsohuwar DX ta abokin wasana, wadda duk ta sha tabo, ta shige tsakiyar sarƙa a jifan farko. Da damina ma haka ne, in ciyawa ta jiƙa ta, mai sheƙi sai ka riƙa yawo da tsumma.

Tsufan mai kaushi ma ba asara ba ne gaba ɗaya. Sabon faifai, ga mai jifa da bayan hannun dama, yakan karkata hagu in gudunsa ya ƙare. Yayin da robar ke cinyewa karkatar na raguwa, sai ya riƙa tafiya sak. Shi ya sa ƙwararru ke riƙe tsohon faifansu shekara da shekaru.

To, a cikin gidan masu kaushin ne zaɓi na gaskiya yake: mai taushi ko mai tauri. Kamfanin Latitude 64 na Suwidin ya sauƙaƙa abin, ya raba robarsa ta Zero uku, mai taushi, matsakaiciya da mai tauri. A wajen Innova, R-Pro ce mai taushi da danƙo, KC Pro kuma mai tauri, wadda aka sa wa haruffan sunan Ken Climo, Ba'amurken da ya ci gasar duniya sau 12. DX tana tsakani.

Mai taushi tana da daɗi. Tana rungumar sarƙa, kuma in ka kuskure ta faɗi ƙasa takan lafe inda ta faɗi, ba ta miƙewa ta gangara kamar taya. Mai tauri in ta daki bakin kwando tana iya yin tsalle ta yi nisa. Amma yawancin masu yabon mai taushi a ƙasashen sanyi suke, inda sanyi ke ƙara wa roba tauri. Mu akasin haka muke. A watan Afrilu, zafin nan yana wuce digiri 40, na taɓa barin mai taushi a jaka a kan babur daga azahar zuwa la'asar. Da na ciro ta sai ta lanƙwashe a hannuna kamar gurasa, yatsa na nutsewa a tsakiyarta, kowane jifa da yadda take fita. Ga ƙura tana manne mata, danƙon da aka saye ta dominsa ya tafi sai an wanke da ruwa da sabulu. Abin ya dame ni, don ita na fi so a lokacin.

Don haka ni dai in ni ne kai, zan ce wa yaya ya kawo DX biyu, ko KC Pro biyu in kana son abin da ba ya motsi a hannu ko da rana ta take. Zafinmu da kansa zai sassauta su. Su zama iri ɗaya, nauyi ɗaya, tsakanin giram 170 zuwa 175, domin iskar hunturu tana wasa da mara nauyi. Biyu iri ɗaya sun fi ɗaya-ɗaya daban, saboda a wajen atisaye hannu abu ɗaya yake so ya saba da shi.

Mai sheƙi tana da ranarta. In ka fara jefa irin wannan faifai daga nesa, mita 50 ko 60, ta cikin itatuwa ya sauka a kan tsakuwa, nan Star ta fi, don DX ba za ta yi wata uku da kamanninta ba. Wannan sai ka bari sai zuwa na gaba.

In sun iso, ka rubuta sunanka a ƙarƙashinsu kamar yadda dokar wasan ta ce a sa wa faifai alama, ka ajiye su a kwance cikin inuwa, kada ka bar su a but ɗin mota. Ranar Asabar bayan la'asar zan zo da KC Pro tawa da mai taushin nan, ka riƙe kowacce ka ji kafin ka kira yaya.