Ofishin tura ɗalibai karatun likita a Pokhara: hidimar ta tsaya a Kathmandu

A ɗaya daga cikin benayen Zoo Road akwai wani ofishi da ke shirya wa iyaye tafiyar 'ya'yansu karatun likita a ƙasar Nepal, galibi garin Pokhara, inda kwalejin Manipal take tun 1994. Ba sai an kama suna ba, domin yawancin masu wannan sana'a a Kano tafiyarsu ɗaya. A dunƙule suke karɓar kuɗi: neman gurbi, biza, tikiti, tarba a filin jirgi, da wata 'yar takarda mai bayanin garin. Wajen takardu sun ƙware. Sanin garin da hanyar shigarsa ne da sauransu.

Abin yabo na farko shi ne biza. Nepal na buga wa 'yan ƙasashe da yawa biza a filin jirgi, amma Najeriya na cikin jerin waɗanda ba a yi wa haka, tare da irin su Ghana, Kamaru da Habasha. Dole a samo ta daga ofishin jakadanci kafin a tashi, kuma babu shi a Abuja. Na Afirka suna Alƙahira da Pretoria. Ofishin nan ya san da haka, ba ya yanka tikiti sai biza ta fito, kuma yana tilasta a yi katin rigakafin shawara da wuri. Wannan kaɗai ya raba su da 'yan ci-da-ceto da ke cewa yaro ya hau jirgi, can a gyara.

Tikitin ma babu laifi. Ba jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Nepal, sai an yada zango. Suna bi da ɗalibai ta Doha ko Dubai, suna kauce wa Indiya, inda sauya jirgi kan jawo maganar wata bizar. Abin da suke mantawa su faɗa shi ne agogo: Nepal na gaban Kano da awa 4 da minti 45 ne, ba awa 5 ba. Mintuna goma sha biyar ɗin nan sun isa su rikita mai lissafin lokacin sauka.

Daga filin jirgin Tribhuvan na Kathmandu, babban birnin Nepal, abin ke fara sukurkucewa. A yarjejeniyarsu, "tarba" na nufin mutum ya ɗauki ɗalibi zuwa masauki ya kwana ɗaya. Sauran tafiyar, kimanin kilomita 200 zuwa yamma, layi ɗaya aka ba ta a takardar: wai mota ko jirgi, duk wanda aka ga dama. Bakano zai ji kilomita 200 ya ce ai bai kai Kano zuwa Kaduna ba. Titin Prithvi, wanda ake bi zuwa Pokhara, ba haka yake ba. Daga Kathmandu ana gangarawa Naubise cikin kwana-kwana, a bi gefen kogin Trishuli har Mugling, dutse a hannu ɗaya, rami da ruwa a ɗaya hannun, sannan a wuce Dumre da Damauli. In hanya ta yi kyau awa 6 zuwa 7 ce. Da aikin faɗaɗa titin da aka ɗauki shekaru ana yi, ga manyan motocin kaya, awa 9 ko 10 ba abin mamaki ba ne. A hagu ake tuƙi, saboda haka sabon zuwa ya kula da ɓangaren da yake dubawa kafin ya tsallaka titi.

Motoci iri biyu ne, kuma kamata ya yi ofishin ya zaɓa wa ɗalibi, ba ya bar shi da 'yan kamasho ba. Akwai bas ɗin 'yan yawon buɗe ido da ke tashi wajen ƙarfe bakwai na safe, kowa da kujerarsa, tana tsayawa cin abinci. Akwai ƙananan motocin haya masu gudu da ɗaukar fasinja a hanya. A hau ta farko, a nemi kujerar gaba, a sha maganin amai rabin awa kafin tashi. Tafiyar dare da damina kuwa a bar ta ɗungurungum. A Yulin 2024 zaftarewar ƙasa ta tura bas biyu cikin Trishuli a Simaltal, kan titin da ya haɗa Mugling da Narayanghat, kuma da asuba abin ya faru.

Jirgi minti 25 ne kacal, Buddha Air da Yeti Airlines na zirga-zirga kullum zuwa sabon filin Pokhara da aka buɗe ranar 1 ga Janairu, 2023. Amma akwai abin da iyaye ke da haƙƙin ji daga bakin ofishin, kuma ba sa ji: makonni biyu bayan buɗe filin wani jirgin Yeti ya faɗi a kwazazzabon kogin Seti, mutum 72 suka rasu, sannan Tarayyar Turai ta hana jiragen Nepal shiga sararin samaniyarta tun 2013. Kowa ya auna da kansa. Wanda ya zaɓi jirgi ya san baƙo na biyan kuɗin da ya fi na ɗan ƙasa, kilo ɗin kayan da ake yarda da shi bai kai na jirgin Doha ba, don haka akwati biyu na nufin ƙarin kuɗi, kuma ɗakin tashin jiragen cikin gida gini ne daban. Da damina gajimare kan rufe da rana, gara jirgin safe. Da sanyi kuma hazon safiya ne ke riƙe jirage a Kathmandu.

Babban kuskuren takardar tasu shi ne yanayi. An cika bangonta da hoton dutsen Machhapuchhre cikin dusar ƙanƙara, an rubuta a sayi rigunan sanyi masu nauyi da takalmin ƙanƙara. Iyaye sai su nufi Ƙofar Wambai su jido gwanjo su cika akwati. Dutsen nan tsayinsa mita 6,993 ne, Annapurna na bayansa da mita 8,091, amma garin da ɗalibi zai zauna a kwari yake, mita 800 da 'yan kai, ƙasa da Kathmandu mai mita 1,400. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a cikin Pokhara, kuma ciwon hawa tsauni ba ya kama mutum a wannan tsayin. Ruwa ne matsalar. Iskar da ke tasowa daga Tekun Bengal na karo da bangon Annapurna ta juye kayanta a kwarin, shi ya sa ruwan shekara ke haura milimita 3,000, fiye da ninki uku na Kano, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. A Afrilu da Mayu akwai hadarin yamma mai zubar da ƙanƙara.

Saboda haka jerin kayan ya kamata ya sauya. Lema mai ƙarfi, rigar ruwa, takalmin roba mai riƙe ƙasa guda biyu don ɗaya ya sha iska, da jakar leda mai zif ta fasfo da takardun makaranta. Wanki na iya kwana uku bai bushe ba, shadda mai sitaci kan yi fumfuna a cikin akwati. Yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa a zuba su a robar da ke rufuwa gam, kullin leda ba ya hana su dunƙulewa. Gidan sauro na da amfani, domin zazzaɓin dengue na yawo a ƙarshen damina, kuma mai ratsa ciyawa a tuddan bayan gari ya duba ƙafarsa saboda matsattsaku. Sanyin Disamba da Janairu ba ya wuce suwaita biyu, jaket ɗaya da bargo mai kauri, sai dai ɗakuna ba su da na'urar ɗumamawa, cikin ɗaki da dare ya fi waje da rana ciwo. Bargon a saya can, ya fi biyan kuɗin kilo araha.

Wasu abubuwan an tsallake su baki ɗaya. Asabar ce ranar hutun mako a Nepal, Juma'a ranar aiki ce, don haka ɗalibi ya tambayi jadawalin darasi da nisan masallaci tun makon farko. Doka ta hana yanka saniya. Naman da ake kira buff na ɓauna ne, kuma sai an nemi mahaucin Musulmi. Bikin Dashain, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, yana rufe ofisoshi ya cika motoci da jirage, kuma mayar da biza ta koma ta karatu a hukumar shige da fice ta Kathmandu ake yi. Wanda ya sauka cikin bikin zai zauna jira yana biyan masauki. Dala a canjo ta a Wapa, sababbin takardu marasa yagewa, a mayar da ita rufi, kuɗin Nepal, bayan an sauka, domin naira ba ta da kasuwa a can.

Wanda zai biya ofishin nan ya biya don biza da tikiti, sun cancanta. Amma kafin ya sa hannu, ya sa a rubuta masa a yarjejeniya wanda zai raka ɗalibi daga Kathmandu har ƙofar hostel a Pokhara, da mota ko jirgin da za a hau, da wanda zai biya kwanan masauki idan hanya ta toshe ko an soke jirgi. Idan ranar fara karatu ta faɗo cikin damina, a bar ratar kwana uku aƙalla tsakanin sauka da ranar rajista.