Wata uku a darasin lissafi na manya a Gyaɗi-Gyaɗi

Haɗa sola ce sana'ata, shekara shida ke nan, kuma kunyar da na sha ce ta kai ni wannan darasi. Wata Hajiya ta tambaye ni batir nawa zai riƙe mata firij da fanka biyu da fitilu har asuba. Na ce biyu, don haka na saba sawa a gida irin nata. Kafin ƙarfe uku na dare wuta ta ɗauke. Daga aljihuna na cike sauran.

Wani tsohon malamin sakandare ne ke koyarwa a zauren gidansa, Litinin da Laraba da Asabar bayan isha'i, naira dubu biyar a wata. Mu goma sha ɗaya ne, har da teloli biyu da mai POS da wani birkila.

Ranar farko na ce masa, "Malam, ni fa x da y ɗin nan su suka raba ni da lissafi tun ina aji uku." Bai yi min wa'azi ba, sai ya ce in kawo lissafin gidan Hajiya. Kayanta na cin wat 300, tsawon awa 10, ya zama 3,000. Batir mai bolt 12 da ƙarfin ajiyar wuta 200Ah yana ɗaukar 12 sau 200, wato 2,400, amma irin mai ruwa rabi ake so a ja in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Ya rubuta a allo: 1,200x = 3,000. Amsa biyu da rabi. Tunda inbatar mai bolt 24 ce, bibbiyu ake jera su, huɗu ke nan. Ya ce, "To ka ga x ɗin da kake gudu, batirin Hajiya ne." Wallahi jikina ya yi sanyi.

Haka yake yi wa kowa. Tela da yadinsa, birkila da bulonsa. Ya kuma faɗa mana kalmar aljabara, sunan wannan lissafin x da y, daga Larabci take, al-jabr, daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Mai POS ɗin, da ya karanci fara'idi a Islamiyya, shi ya fi kowa mamaki.

Abin da ban ji daɗinsa ba: bencin na yara ne, zauren ga zafi, kuma babu takarda bugaggiya, komai daga allo ake kwafa. Mako biyu muka yi a kan lissafin x sau x saboda masu shirin WAEC, ni kuwa har yau ban ga inda zan sa shi a aikina ba. Da ya raba mu aji biyu, da ya fi.

Na riga na biya kuɗin wata na huɗu. Na kuma yi wa Malam alkawarin fankar sola a zauren, ya ce sai na fara kawo masa lissafinta a rubuce.