868 ko 915? Juya kwalin kafin ka sayi na'urar sa ido ta gona ko gidan kaji

Masu gidajen kaji da 'yan lambu a Jos sun fara sayen 'yan ƙananan na'urorin nan masu turo bayani a waya: zafin ɗakin 'yan tsaki, ruwan da ya rage a tanki, ko an taɓa ƙofar sito da tsakar dare. Duk wanda ya taɓa kwana gadin 'yan tsaki a sanyin Disamba na garin nan ya san amfaninsu. Sai dai ta iska suke magana, iskar kuwa tana da masu ita. Kamfanonin waya kuɗi suka biya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yanka musu mita, wato zangon iskar da kowa ke magana a kai, kuma ba kowace na'ura ce ta san iyakar gonarta ba.

Kwanaki na raka ƙanin mahaifina wani shago a titin Ahmadu Bello. Yaron shagon ya dire kwali biyu iri ɗaya sak, ɗaya ya fi araha. "Alhaji, aikinsu ɗaya, wannan ma ɗan Amurka ne." Na juya kwalin, sai ga 915 an buga da ƙananan baƙaƙe a gefen lambar ƙira. Na ce, "Baba, a bar wannan, ko kyauta ne."

Ga dalili. A Amurka, daga megahaz (ma'aunin mita) 902 zuwa 928 fili ne na kowa, shi ne 915 ɗin da ke kan kwalin. A nan kuwa, daga 890 zuwa 915 ne wayar hannu ke yi wa ƙarfen sabis magana a tsarin GSM. Ƙarfen yana kasa kunne ya ji siririyar muryar wayar da ke nesa, sai na'urarka ta shigo tana surutu a kanta. Ita ma ba ta tsira ba, wayoyin unguwa za su riƙa danne saƙonta. Namu 868 ne, irin na Turai, domin a rabon mita na duniya Afirka da Turai rukuni ɗaya suke.

To, idan gonarka na da faɗi, ko na'urorin sun kai goma zuwa ashirin, LoRa mai 868 ce zaɓina, wato tsarin rediyo mai aika ƙananan saƙonni nesa. Ba ta cin sim, tana kai 'yan kilomita a fili, batirinta kan yi shekaru. Ƙarfinta miliwat 25 ne kawai, kuma a ƙa'idar Turai da ake ƙera yawancinsu a kai, kashi 1 cikin 100 na lokaci take magana, wato daƙiƙa 36 a awa. Mai irin wannan kunya ba ta damun kowa. Matsalar ita ce ita ake damu. Wayoyin da ke hawa 4G na mita 800 suna aikawa ne har zuwa 862, filin LoRa kuma daga 863 ya fara, katanga ɗaya ke nan tsakani. Saboda haka kuɗinka ya tafi kan uwar na'urar, wadda ke tattara saƙonnin. Tambayi mai shago ko tana da matatar sigina a ciki. In babu, ana sayar da ta ɗaurawa tsakaninta da eriya. Kuma a Jos akwai wani tarko: duwatsu na tare sigina, sai mutum ya ce bari ya kafa eriya a tudu, alhali tudun ne kamfanonin waya suka riga shi hawa. Eriyar da ke fuskantar ƙarfen sabis kurkusa kurmancewa take yi. Gara ka ja baya ka ƙara wa sandarka tsawo.

Zigbee (tsarin haɗa ƙananan na'urori a kusa) da Wi-Fi na cikin gida ne, a mita 2,400 zuwa sama kaɗan. Suna da araha, amma bangon dutse da rufin kwano na rage musu tafiya, Wi-Fi kuma akwai shan batir. Akwai 4G da ke aiki a 2,300 zuwa 2,400, don haka kada ka jera akwatin intanet da uwar Zigbee a kan tebur ɗaya. Raba su da taku biyu ko uku.

Sai masu cin sim. Tsarin NB-IoT da LTE-M, waɗanda aka fitar da ƙa'idarsu a 2016, ba su da rigima da sabis ko kaɗan, tunda a cikin mitar kamfanin suke, ƙarfen ne ma ke ba su lokacin magana. Sharaɗin shi ne kamfanin ya kunna tsarin a inda kake, kuma ganin sabis cike a wayarka ba shaida ba ne. Da yawa daga masu sim da ke kasuwa 2G ne, suna aiki amma sai da caji a kai a kai. Kowace ɗaya kuma da kuɗin datarta. Ga na'ura ɗaya ko biyu, ko motar da ke kai dankalin Bokkos Legas, su suka dace.

Abin da ban yarda a haɗa maka da shi ba shi ne busta ta ƙara sabis. Marar inganci takan mayar wa ƙarfen da hayaniya ta ɓata wa maƙwabta kira, kuma NCC ta sha gargaɗi a kan amfani da ita ba izini. Hukumar tana wallafa jerin na'urorin da ta amince da su, sai ka duba lambar ƙirar a ciki.

Baba dai mai 868 ya ɗauka, bisa sharaɗin a je Bukuru a gwada a gonar, da wayoyin yaransa a kunne, kafin ya cika kuɗin.