Maganin tsutsa ko na ƙuma: wanne za a saya wa kajin ƙwai?

Kafin a sa hannu a aljihu, a fara gane abin da ke cin kajin. Tsutsar ciki tana ramar da kaza ko da tana cin abinci, kashi ya tsinke, ƙwai ya ragu. Jar ƙuma kuwa da dare take shan jini, gari na wayewa ta shige tsagar katako. Alamunta a fili suke: zanko ya yi fari, a ga ɗigon jini a ɓawon ƙwai, kaji su riƙa fizgar gashin juna, su ƙi shiga ɗaki da magariba. Yawancin magungunan tsutsa ba sa taɓa ƙuma.

A magungunan tsutsa, piperazine ya fi araha, amma doguwar tsutsar hanji kaɗai yake fitarwa, ita ma manyan, don haka sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Siraran tsutsotsi da tsila ba ruwansa da su. Flubendazole ya fi shi faɗin aiki: giram 30 na sinadarin a tan ɗaya na abinci, kwana 7 a jere. Inda ake faɗuwa shi ne wajen cakuɗawa, wata ta ci da yawa, wata ta tashi a banza, ga kuma mara lafiya ba ta cika ci ba. Shi ya sa fenbendazole na ruwan sha ya fi dacewa da ƙaramin garke: miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin kaza, kwana 5. A auna kajin a sikeli, kada a yi kintace. Flubendazole da fenbendazole, Tarayyar Turai ta yarda a ci ƙwan kajin da aka ba su ba tare da jira ba. Levamisole da ivermectin kuwa suna saura a ƙwai, a bar su sai da izinin likitan dabbobi.

Ga ƙuma, fluralaner yana da tsada amma yana aiki: miligiram 0.5 ga kilo a ruwan sha, sau biyu, da tazarar kwana 7, domin zagaye na biyu ya kama waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Hodar silika, wadda ke busar da jikin ƙuma har ta mutu, ta fi sauƙin kuɗi, sai dai danshi yana rage mata ƙarfi, kuma dole a cusa ta cikin kowace tsaga, tunda ƙuma tana yin watanni ba ta ci ba a ɗakin da babu kaza. Maganin ƙwarin nan fipronil kada ma a kusance shi. Saboda shi aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai a 2017.