Kafin ka saya wa matashinka labarin rayuwa biyu

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari na Turanci da matasa ke rububinsa, wanda ake ɗaukar yaro ko yarinya a bakin balaga, a nuna yadda rayuwa za ta kaya idan an bi wannan hanya, da yadda za ta kaya idan an bi waccan. Guda huɗu na duba kafin na zaɓa wa 'yar yayata, kuma ba zan ɓoye ba, Pivot Point na Kasie West, wanda ya fito a 2013, shi ne ya kwanta mini a rai.

Labarin wata ɗalibar sakandare ne mai suna Addie, wadda auren iyayenta ya mutu, aka ce ta zaɓi wanda za ta zauna a wajensa. Da yake tana da baiwar hango abin da kowane zaɓi zai haifar, sai ta leƙa makonni shida gaba ta kowace fuska, wannan babi tana hannun uwa, mai bi masa tana hannun uba. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta yi wa yarinyar rangwame ba, domin kowace hanya tana da abin da za ta ba ta da wanda za ta ƙwace mata, har ta kai ga cewa wadda ta fi yi mata daɗi ba ita ce alheri ga ƙawarta Laila ba. Turancinsa ba mai tsauri ba ne, soyayyar cikinsa kuma ba ta wuce gona da iri ba. Yana da ci gaba, Split Second, na 2014, sai a tanadi kuɗin biyu.

Before I Fall na Lauren Oliver, na 2010, rana ɗaya ce ake maimaitawa sau bakwai, ga shaye-shaye da sharholiyar dare, don haka na ajiye shi. The Midnight Library na Matt Haig ya yi suna tun 2020, amma jarumarsa shekararta 35, kuma da yunƙurin kashe kai labarin ya buɗe. Wannan na manya ne. Northern Lights na Philip Pullman, na 1995, ya fi su duka gwanintar harshe, sai dai hukumar addini ce muguwar labarin, ya kamata iyaye su san haka.

A kan na Pullman ɗin ma a kula, domin a Amurka sunansa The Golden Compass, kuma mai shagon da ba ya tsoron Allah zai sayar maka da su a matsayin littattafai biyu.

Babbar damuwata dai jabu ce, domin ta taɓa cizo na. Na taɓa sayen wani littafi a naɗe cikin leda, mai shi yana rantsuwa cewa daga waje ya zo, sai da na kai tsakiya na ga shafi na 112 ya yi tsalle zuwa na 145, sannan waɗansu shafukan sun maimaitu. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai an yage ledar a gabana. Ina bin lambobin shafi daga farko har ƙarshe, in ɗaga takarda ɗaya sama in ga ko rubutun baya yana ratsowa, in duba ko layuka sun karkace kamar aikin hoton kwafi, in kuma buɗe littafin sosai, saboda gam ɗin jabu nan take yake saki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, da ke bayan bango dole ta yi daidai da ta shafin haƙƙin mallaka.

Masu saye ta intanet kuma su karanta bango da kyau, domin akwai 'yan siraran littattafai masu ɗauke da sunan labarin da manyan baƙaƙe, alhali taƙaitawa ce da wani daban ya rubuta. A tambayi yawan shafuka kafin a tura kuɗi, a kuma nemi hoton littafin a buɗe, ba na bango kaɗai ba.